Zoɓon gida a zafin Sakkwato: dafawa, adanawa da kai wa baƙi ba tare da ya tashi ba

Zoɓon da aka dafa da hantsi a watan Afrilu, aka zuba masa sukari da abarba, aka bar shi a ɗaki, ba ya kai la'asar ɗin washegari bai fara canza baki ba. Gorar za ta yi tauri, in an buɗe murfin a ji "fis", kumfa ta taru a wuyanta. Wasu su ce sukarin ne ya yi yawa, wasu su ce zoɓon ne tsoho. Ainihin abin da ya faru shi ne yis ya shiga. Waɗannan ƙananan halittu suna nan a iska, a jikin ɓawon 'ya'yan itace, a hannu da cikin gorar da ba ta wanku ba. Suna cin sukari su fitar da iska da barasa, kuma ɗumi ne ke ƙara musu sauri. A garin da zafin rana ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, aikin da zai ɗauke su kwana uku a hunturu suna gama shi a wuni guda.

Ga musulmi kuwa maganar ta wuce ta ɗanɗano. Imam Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi a ruwa, ya sha a ranar, da washegari, har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai ya sa a bayar ko a zubar. Ke nan tun a wancan lokaci an san abin sha mai zaƙi yana da wa'adi. Shi ya sa a wannan jagora zan fi tsayawa a kan abin da ke biyo bayan sauke tukunya, domin nan ne yawancinmu muke asara.

Sayen zoɓo da kayan haɗi

Ana girbe zoɓo da kaka, don haka daga Nuwamba zuwa Janairu ne sabo ke cika kasuwa, farashinsa ma ya fi sauƙi. Wadda ke sana'ar sa ko mai babban gida, lokacin ne ya kamata ta sayi na watanni. In kin je Babbar Kasuwa ko Tsohuwar Kasuwa, kada ki tsaya ga na saman buhu. Ki ce, "Malam, wanga na bana na?" sannan ki tura hannu ƙasa ki ɗebo da kanki. Mai kyau yana da ƙamshin tsami mai tsabta, yana karyewa in kin matsa, launinsa a cike. Wanda ya yi laushi, ko yake warin ruma, ko kika ga farin gari-gari a jikinsa, ya sha danshi, ki bar shi ko da an rage miki kuɗi.

Baƙin zoɓo ya fi ba da kala mai duhu, ja kuma ya fi tsami. Ni nakan haɗa kashi biyu na baƙi da kashi ɗaya na ja. Farin zoɓo na miya da fate ne, ba shi muke nema a nan ba.

Yanzu akwai haɗaɗɗen zoɓo da ake sayarwa a leda ko roba, an riga an tsince, an haɗa da busasshiyar citta da kanumfari, wani ma an niƙe shi gari. Yana rage wahala, musamman da azumi. Sai dai ki duba abu uku kafin ki biya: ranar da aka haɗa, jerin abin da aka sa a ciki, da lambar NAFDAC in na kamfani ne. Na fi son wanda nake iya ganin zoɓon da idona a kan wanda aka niƙe, saboda gari yana ɓoye yashi da tsohon kaya. In an riga an sa sukari ko sakarin a haɗin, ki rage naki, kuma ki bi shi da duk ƙa'idar da ke ƙasa kamar wanda kika tsince da kanki.

Ga ma'aunin da zai ba ki kusan lita 7, wato gora 14 masu rabin lita: busasshen zoɓo giram 200, ɗanyar citta giram 100, kanumfari ƙwaya 15 zuwa 20, ɓawon abarba ɗaya, sukari giram 600 zuwa 700. Masoro ko kimba kaɗan ga mai so. Ki nemi ƙaramin sikelin kicin. Gwangwani da tiya suna yaudara a kan zoɓo, domin wani manya ne ba ya zama a mudu, wani kuma ya farfashe ya cika shi dam.

Tukunya, ruwa da gorori

Zoɓo na da tsami sosai, kuma tsami yana cin dalma. Tukunyar dalma irin ta maƙera tana dusashe masa kala, wani lokaci ta sa masa ɗanɗanon ƙarfe. Ki samu tukunyar ƙarfe marar tsatsa, ko mai fenti a ciki wadda fentin bai ɓare ba, ki ware ta. Tukunyar miya komai wankinta tana riƙe maiƙo da warin daddawa, haka ma muciya da ludayin katako.

Duk ruwan da zai shiga zoɓo sai ya tafasa, har wanda za a sirka da shi a ƙarshe. A nan mutane da yawa ke ɓata aikinsu: a dafa lita 5 da kyau, sannan a ƙara lita 3 daga jarkar mai ruwa. Abin da wuta ta kashe an mayar da shi da hannu. In ba za ki iya tafasawa ba, ki sirka da ruwan leda ko na gora wanda kika yarda da shi.

Gorori su ne babbar matsala. Gorar da aka tsinto a titi ko wurin biki ba ki san bakin da ya sha ba, ba ki san abin da aka zuba a ciki bayan an shanye ba. Akwai masu zuba fetur, maganin ƙwari ko fitsarin gwaji. Mai sayarwa ta sayi sababbi da murafensu, ana samun su a kasuwa, ta sa kuɗin a lissafinta. Na amfanin gida, in gorar da kuka sha ruwanta da kanku ce, ki wanke da sabulu da burushin gora, ki kula da zaren murfin inda datti ke maƙalewa. Sannan ki zuba babban cokali ɗaya na bilic (ruwan wankin nan mai sa tufafi fari) marar turare a ruwa lita 4, ki jiƙa gorori da murafe minti 5, ki ɗauraye da dafaffen ruwa, ki kifa su su tsane. Kada ki goge cikinsu da tsumma. Kada kuma ki haɗa bilic da wani sinadarin wanki. Mazurari, rariya da ƙyallen tata su ma ki zuba musu tafasasshen ruwa dab da lokacin aiki.

Dahuwa

Ki baza zoɓon a faranti ki tsince itace, tsakuwa da gurguzun da ya maƙale. Ki zuba a ruwan sanyi, ki juya da hannu sau biyu, ki tsamo shi sama ki bar yashin a ƙasan roba. Kada ki tsiyaye ruwan ta kansa, yashin zai komo. Ki maimaita sau biyu ko uku, da hanzari, saboda kalar tana fita tun daga ruwan farko.

Ki wanke abarba da burushi kafin ki fere. Ki daka citta sama-sama. Ki ɗora ruwa lita 6 da citta, kanumfari da ɓawon abarba, su tafasa minti 10 su kaɗai, don sun fi zoɓo buƙatar wuta. Sai ki zuba zoɓon, ki rage wuta, ya yi minti 10 zuwa 15. Ya isa haka. Masu barin sa awa guda yana zaɓalɓala suna samun ruwa mai duhu, amma ƙamshin ya tafi, bauri ya fito, jan ya koma kamar ruwan ƙasa. Ki sauke, ki bar murfin a rufe rabin awa ya gama sakin jikinsa.

Ki tace da rariya tukuna, sannan da ƙyalle mai laushi irin na tatar koko. Ki bar shi ya zuba da kansa. Matsa da ƙarfi yana turo laka, wadda za ta kwanta a ƙasan gora. Tuƙar da ta rage tana da sauran amfani: ki zuba mata ruwa lita 2, ta tafasa minti 5, ki tace ki haɗa da na farko.

Maganar kanwa. Wasu kan jefa ɗan ƙanƙanen kanwa ko bekin soda don kashe tsami, a samu sauƙin sukari. Yana yi, kalar ma takan ƙara duhu. Amma tsamin nan shi ne garkuwar zoɓo, shi ke hana yawancin ƙwayoyin cuta sakewa a cikinsa. Dubi kunun aya, da ba shi da tsami kuma ba a dafa shi: awa kaɗan a zafi ya lalace. In kin kashe tsamin zoɓo kin matsar da shi kusa da wannan hali. Wanda za a shanye a ranar, babu laifi. Wanda za a ajiye, kada kanwa ta kusance shi. In tsamin ya yi yawa ki ƙara dafaffen ruwa, ko ki rage jan zoɓo a haɗin gaba.

Sukari da 'ya'yan itace

Ki zuba sukari zoɓon yana da zafi, ki mayar da shi wuta ya tafaso sau ɗaya. Sukarin awo da ake ɗiba a buɗaɗɗen buhu ya sha hannu da ƙura, mazarƙwaila ma haka, kuma wannan tafasar ta biyu ita ke tsabtace su. Ki ɗanɗana da cokali mai tsabta, ki tuna abin sha yana rage zaƙi a baki in ya yi sanyi. Filebo kuwa sai an sauke ya huce kaɗan, in ba haka ba ƙamshin ya bi tururi.

Ɗanyar abarba, kokwamba, kankana da na'a-na'a suna sa zoɓo ya yi daɗin da dafaffe ba ya yi, ba na musu. Sai dai kowannensu yana zuwa da nasa yis, kuma ba su ga wuta ba. Hanyar da na ga ta fi ita ce a raba aikin biyu. Uwar zoɓon, mai sukari da kayan ƙamshi, ita ake adanawa. 'Ya'yan itacen kuma a markaɗa su a ranar da za a sha, a tace, a zuba a iya wanda za a shanye. Mai son zaƙin dabino maimakon sukari ta cire ƙwallayen, ta duba ciki saboda tsutsa, ta dafa shi ya yi laushi, ta markaɗa ta tace, ta ɗauke shi a matsayin na kwana ɗaya ko biyu a firji.

Hucewa da ɗurawa

Tsakanin digiri 60 da digiri 5 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, don haka kada zoɓo ya daɗe yana ɗumi-ɗumi. Babbar tukunya in aka bar ta a tsakar gida tana iya wuni ba ta huce ba. Ki sa ta a cikin baho mai ruwan sanyi, murfi a rufe, ki canza ruwan in ya ɗumama. Masu barin zoɓo ya kwana a tukunya don ya jiƙu, su bar shi ba sukari, kuma su sake tafasa shi da safe.

Gorar roba ba ta jure zafi, tana fara lanƙwashewa tun wajen digiri 70, saboda haka sai ya huce sosai za ki ɗura. Ki yi amfani da mazurari, ki bar ɗan fili a wuya, ki rufe nan take. Ki manna takarda ki rubuta ranar. Wannan rubutu yana da muhimmanci a gidan da ake haɗawa kullum, inda na jiya da na shekaranjiya ke cakuɗewa a firji.

Adanawa

A firji mai sanyin digiri 4 ko 5, uwar zoɓo tana kwana 3 zuwa 4 lafiya. Wadda aka sa wa ɗanyen 'ya'yan itace kwana 2. Wannan lissafin na firjin da wuta ba ta yanke masa ne. In an ɗauke tun dare har azahar, gororin suka yi gumi suka huce, ki ɗauka wa'adinsu ya ƙare a ranar, a shanye. A firiza kuwa yana watanni, amma ki rage cika gora, domin ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare, ya fasa murfi. Wanda ya narke gaba ɗaya kada ki mayar da shi ya sake daskarewa.

Ga wadda wuta ba ta zauna mata, akwai hanyoyi biyu da suka fi dogaro da firji.

Ta farko ita ce mai kauri. Ki dafa zoɓo giram 400 da kayan ƙamshi ninki biyu a ruwa lita 3, ki tace, za ki samu kusan lita 2. Ki zuba sukari kilo 2, ki juya a kan wuta kaɗan har ya narke ya tafaso. Yawan sukarin yana tsotse ruwan da yis ke buƙata, sai ya kasa aiki da sauri. Lokacin sha, kofi 1 na mai kaurin a kofi 5 na ruwan sanyi. Yana mako biyu zuwa uku a firji, yana jure ɗaukewar wuta fiye da sirkakke, kuma kwalba uku ko huɗu sun maye gurbin gora kusan 40. Da azumi wannan ne ke raba uwargida da tsayuwa gaban murhu kullum da la'asar. Sharaɗinsa a tsiyaya daga kwalbar, ba a tsoma cokali ko ludayi a ciki.

Ta biyu ita ce ɗurawa da zafi a kwalbar gilashi mai murfin ƙarfe na murɗawa, wanda robar cikinsa ba ta lalace ba. Ki dafa kwalaben da murafensu minti 10, ki fito da su suna da zafi, domin kwalba mai sanyi tana fashewa in tafasasshen ruwa ya shige ta. Ki ɗura zoɓon kai tsaye daga wuta, ki bar fili kamar faɗin yatsa biyu, ki rufe gam, ki kwantar da kwalbar minti 3 don zafin ya taɓa cikin murfin, sannan ki tayar da ita ta huce. In ya kama, za ki ga tsakiyar murfin ta lotsa ciki. Irin wannan yana makonni a wuri mai duhu da sanyi-sanyi, kamar ƙarƙashin gado ko kusa da randa. Hasken rana yana kashe masa kala. Wannan hanya ta zoɓo mai cikakken tsami ce kaɗai: ba kanwa, ba kokwamba, ba kankana, ba dabino. Da an buɗe kuwa, hukuncinsa ya koma na firji.

Akwai kuma tukunya cikin tukunya, wadda malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Busasshiyar iskar bazara da ta hunturu a Sakkwato ta dace da ita, da damina kuwa ƙarfinta na raguwa. Tana sanyaya gora ta yi daɗin sha, ta ƙara mata awoyi, amma sanyinta bai kai na firji ba, don haka na wuni ɗaya ne.

Yadda za ki gane ya tashi

Ki matsa gorar kafin ki buɗe. In ta yi tauri kamar ta lemon kwalba, ko gindinta ya kumbura, ya tashi. Sauran alamun su ne ƙarar iska wajen buɗewa, ƙananan kumfa masu tasowa daga ƙasa, warin tsami irin na ƙullun da ya kwana, yauƙi, ko farin abu yana yawo a sama. Zaƙin ma yana raguwa, harshe ya ji ɗan cizo. Ko ɗaya kika gani, ki zubar. Ƙara sukari da filebo yana rufe warin ne kawai, kuma abin takaici ne a yi haka a miƙa wa yaran makaranta ko mai azumi. Kwalbar gilashin da murfinta ya kumbura ki rufa mata tsumma kafin ki buɗe, fuskarki a gefe.

Kai wa baƙi

Zoɓo yana son sanyi, amma ƙanƙarar da ake sarowa a buhu ba kowacce aka san ruwanta ba, kuma da damina, lokacin da amai da gudawa ke yawo, wannan ba abin wasa ba ne. Irin wannan ƙanƙara ki jera ta a kula kewaye da gorori. Wadda za ta shiga kofi ki yi ta da dafaffen ruwa, ko ma da zoɓon kansa, don in ta narke ba za ta salamce shi ba.

Ga baƙon gida, jug na gilashi da kofuna masu haske sun fi fito da kalarsa. Ki girgiza kaɗan kafin ki zuba, ki yanka kokwamba ko lemun tsami siriri ki jefa a lokacin. Yana tafiya da abu mai maiƙo: ƙosai, masa, soyayyen nama, dambu. Wajen buɗa-baki a fara da dabino da ruwa ko kunu mai ɗumi, zoɓo ya biyo baya, saboda tsami da sanyi a cikin da ya wuni babu komai yana murɗa wa wasu. Da hunturu kuwa ki gwada shi da zafi, a ƙara citta a rage sukari. Tsofaffi sukan fi son sa haka.

Zoɓo yana saukar da hawan jini kaɗan, don haka mai shan maganin hawan jini ko wanda jininsa ke ƙasa ya sha daidai, kuma kada kowa ya kora magani da shi. Mai juna biyu ta tambayi likita ko ungozoman asibiti kafin ta mayar da shi abin shan kullum. Mai ciwon suga ki ɗebar masa nasa kafin ki zuba sukari.

Ranar biki ko suna, lissafin rabin lita ga kowane mutum yakan isa, a ƙara in bazara ce. Ki dafa mai kauri kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ki sirka da safiyar taron, ki ɗura a gorori maimakon buɗaɗɗen bokiti da moɗa ɗaya da kowa ke tsomawa. In dole sai babban mazubi, ki samu mai famfo, ki sa mutum ɗaya a kansa. Kada a fito da duka lokaci guda: kula ɗaya a wajen mata, ɗaya a zaure, sauran a ɗaki cikin ƙanƙara, a riƙa fitowa da su in na waje ya ƙare. Gorar da ta wuce awa 4 a waje ta huce, a raba ta a shanye a ranar, kada a mayar da ita firji don gobe.